Laba 3,000 a jikin ƙofa: nauyin da ƙofar tirelar gida mai gareji take iya ɗauka

Idan hutun ƙarshen watan Nuwamba ya zo a Amurka, hanyar Glamis da ke kudu maso gabashin jihar Kalifoniya takan cika da manyan a-kori-kura, kowace tana jan doguwar tirela kamar gida. Gidan ne kuwa. A gaba akwai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, a baya kuma gareji, inda ake saka babur ko 'yar motar da ake sukuwa da ita a kan tuddan rairayi. Sunan da Amurkawa suka raɗa wa wannan tirela ma'anarsa "mai jigilar kayan wasa", kodayake wani kayan wasan yakan kai nauyin ƙaramar mota, ya kuma fi ta tsada. Irinsu ake gani a Moab ta jihar Utah, su ake gani a Sturgis ta Dakota ta Kudu duk watan Agusta, lokacin taron masu manyan babura. Bangon bayan tirelar gaba ɗayansa ƙofa ce. Ana kwance ta daga sama, ta sauko a hankali har bakinta ya taɓa ƙasa, sai ta zama gangaren da abin hawa zai bi ya shiga ciki.

A jikin ƙofar, ko a bangon da ke gefenta, akwai sitika. Lambar da aka fi gani a kanta ita ce laba 3,000, wato kimanin kilo 1,360. Wasu ƙanana 2,500 suke nunawa. Mai tirela ya duba takardun motar da zai saka a gareji, ya ga laba 2,400, ya yi ɗan lissafi ya ce ai da sauran fili. Nan ne matsalar take farawa, domin lambar nan ba ita kaɗai ce a sitikar ba, kuma ita kanta tana tafe da sharaɗi a bayanta. Sharaɗin kalmomi ne 'yan kaɗan da ido yake tsallakewa: idan nauyin ya bazu daidai a kan ƙofar. A ƙarƙashinta sau da yawa akwai lamba ta biyu, laba 1,000 ga kowace taya, kimanin kilo 454. Sannan ta uku, wadda ta shafi lokacin da aka mayar da ƙofar baranda, galibi laba 1,500 ko mutum 10. Waɗannan lambobi sukan bambanta daga ƙira zuwa ƙira, don haka wadda ke jikin ƙofar mutum ita ce tasa. Amma hikimar da ta sa suka zama uku ɗaya ce a ko'ina.

Sai an san da me aka yi ƙofar kafin a gane lambobin. Mafi yawan waɗannan tireloli a jihar Indiana ake haɗa su, musamman a garin Elkhart da kewayensa, kuma ƙofofin galibi wasu kamfanoni ne daban suke ƙerawa su kai wa masu haɗa tirela, irin su Lippert da MORryde da ke wannan gari. Wanda bai sani ba zai ɗauka falalen ƙarfe ne. Ba haka ba ne. Firam ne na alminiyam ko ƙarfe ya zagaye gefe-gefe, cikinsa kuma abubuwa ne hawa-hawa da aka manne da gam: fatar faiba a waje, siririn filawud, soso mai tauri a tsakiya, wani filawud ɗin, sannan shimfiɗa mai kaushi da ke hana taya santsi. An yi haka ne domin ƙofa ce kafin ta zama gada. Dole mutum ɗaya ya iya ɗaga ta ya rufe, dole ta tare sanyi da zafi, dole kuma kada ta cinye nauyin da aka ware wa kaya. Ƙarfinta yana cikin haɗin kan waɗannan hawa-hawa. Idan nauyi ya hau, fatar sama tana matsewa, ta ƙasa tana miƙewa, soso kuma aikinsa ya riƙe su a tazara ɗaya kada su haɗu. Muddin gam yana riƙe, abin yana da ƙarfin ban mamaki. Ranar da ya saki a wani wuri, abin da ya rage a wurin siririn katako ne da soso, kowa yana ta kansa.

Sifirin da ke jikin hinji, ko wayoyin da ke naɗewa a gefe, ba sa cikin lissafin. Aikinsu su rage wa hannu nauyi wajen buɗewa da rufewa. Da zarar ƙofa ta sauka, wurare biyu kaɗai suke ɗauke da ita: hinji a sama, ƙasa a ƙasa. Tsakaninsu, wajen ƙafa 7 zuwa 8, iska ce kawai.

To me ya sa "bazu daidai" yake da muhimmanci haka? Duk wanda ya taɓa ɗora katako a kan kwata don a tsallaka ya san amsar a ƙafarsa. Katakon ba ya lanƙwasa sosai idan kana bakinsa; sai ka kai tsakiya yake nutsawa. Masu ilimin gini sun daɗe da auna wannan, kuma sakamakon ba shi da gardama: nauyin da aka tara a tsakiyar katako yana wahalar da shi ninki biyu na yadda nauyi ɗaya zai yi idan an baza shi daga wannan baki zuwa wancan. Ma'ana laba 1,500 a tsakiyar ƙofa wahalarsa ɗaya da laba 3,000 da aka shimfiɗa ko'ina. Da buhunan siminti za a jera a kan ƙofar, layi-layi, da lambar farko ta wadatar. Mota kuwa ba ta san bazuwa ba. Duk nauyinta ta wurare huɗu yake sauka, kowanne bai wuce tafin hannu ko biyu ba, kuma dole tayoyin su bi ta tsakiyar ƙofar, babu wata hanya.

Akwai wani abu da yake rage wannan tsoro, kuma gaskiya ne, bai kamata a ɓoye shi ba. Yawancin motocin da ake sakawa tazarar da ke tsakanin tayoyinsu na gaba da na baya ta kai tsawon ƙofar ko ta fi shi. Polaris RZR mai kujera huɗu, alal misali, tazarar tata ta kusa ƙafa 10. Kafin tayoyin baya su taka ƙofar, na gaba sun riga sun shiga gareji. Don haka ƙofar ba ta taɓa ɗaukar motar gaba ɗaya a lokaci guda. Masu cewa "ai rabin nauyin kawai ke hawa" sun faɗi gaskiya. Abin da suka manta shi ne rabin nan a dunƙule yake zuwa, ya tsaya a wurin da ƙofar ta fi rauni, kuma sau da yawa ya fi rabi.

Mu ɗauki motar rairayi mai kujera huɗu. Kamfani yakan rubuta nauyinta ne ba mai, ba kaya, ba direba. Mai ita kuwa ya cika tanki, ya ƙara tayar safiya, ya sa rufi da gilashi, ya canja tayoyi zuwa manya, ya ɗaure akwatin kayan aiki da kular ƙanƙara, sannan shi ma ya shiga. A ce duka ta kai laba 2,500. Injin irin waɗannan motoci a baya yake, saboda haka bayan ya fi nauyi. A ce kashi 60 cikin 100. Tayoyin baya ke nan suna ɗauke da laba 1,500, kowace 750. Tana fara hawa, hancinta ya ɗaga, wani nauyin ya ƙara zamewa baya. Direba ya taka totur, ya sake ƙaruwa. Kowace taya tana ƙasa da 1,000, jimillar tana ƙasa da 3,000, motar ta cika sharuɗɗan biyu. Amma dubi inda ta tsaya: laba 1,500 da ɗoriya a tsakiyar ƙofa. A lissafin lanƙwasa ta riga ta kai bakin iyaka. Masu ƙira suna barin rara a kan abin da suka rubuta, shi ya sa dubban mutane suke hawa haka kullum ba abin da ya faru. A ganina rarar nan ta mai ƙira ce, an ajiye ta ne saboda tsufa da jijjiga da kuskure, bai dace mai tirela ya mayar da ita abin kashewarsa na yau da kullum ba.

Ƙaramar mota irin Fiat 500 tana wajen laba 2,400, injinta a gaba, don haka ita tayoyin gaba ne masu nauyi, kuma gajeriya ce, tana iya kusan tsayawa gaba ɗayanta a kan ƙofar. Tana shiga cikin lambobin, da ƙyar. Smart Fortwo, wadda wasu ke saya musamman don wannan aiki, ta fi sauƙi, tana tsakanin laba 1,800 da 2,100 gwargwadon shekarar ƙira. Jeep Wrangler ta zamani kuwa, ko mai ƙofa biyu, tana wajen laba 4,000. Raba huɗu, kowace taya ta riga ta kai 1,000 kafin direba ya zauna. Wannan ba ta da wurin shiga a ƙofar laba 3,000, ko da wani ya ce ya ga an yi.

Wanda ya fi ba ni damuwa shi ne babur, saboda shi ne ba wanda yake zargi. Babban babur na tafiya mai nisa, irin Harley-Davidson Ultra Limited, ya haura laba 900. Honda Gold Wing ta haura 800. Ƙara mahayi da kayan da ke cikin akwatunan gefe, an wuce 1,100. Mai shi zai ce ko rabin 3,000 bai kai ba. Amma tayoyi biyu ne, kuma ta bayan tana iya ɗaukar wajen laba 700 ita kaɗai. Sannan ga maganar iska. Faɗin wurin da taya take taka ƙasa kusan ana samun sa ne idan aka raba nauyin da ke kanta da iskar da ke cikinta. Idan mai faci ya ce ya sa maka iska 35, yana nufin laba 35 a kan kowane murabba'in inci. Tayar motar rairayi mai iska 15 da ke ɗauke da laba 750 tana baje shi a kan murabba'in inci wajen 50. Tayar bayan babur mai iska 40 da ke ɗauke da laba 700 a kan wajen 18 take tara shi. Nauyi kusan ɗaya, matsi ya kusa ninki uku. Kuma babur ta tsakiyar faɗin ƙofa yake bi, nesa da firam ɗin gefe inda ƙarfin yake. Mafi muni shi ne mutum ya tsaya a kan ƙofa ya jingine babur a kan ƙafar ƙarfen da ake tsayar da shi da ita. Ɗan ƙarfen nan da bai kai girman kwabo biyu ba yana iya nutsawa cikin filawud kamar tsinken takalmi a danshi. Haka abin yake ga amalanken hannu mai ƙananan tayoyin ƙarfe da aka ɗora wa janareta ko akwatin ƙarfe: jimillarsa ba ta kai ta babur ba, amma yana iya barin rami.

Duk wannan lissafin na abin da yake tsaye ne ko yake tafiya a hankali. Motsi yana da nasa kaso. Ƙofa mai tsawon inci 96 da ke hawa zuwa dabe mai tsayin inci 30 daga ƙasa tana yin gangare na kusan digiri 18. Ba ƙaramin hawa ba ne, musamman ga wanda yake kallon sa daga kujerar direba, yana ganin rufin gareji yana nufo shi. Abin da mutane da yawa suke yi shi ne su ja baya su taho da gudu don kada mota ta tsaya a hanya. Tayoyin gaba su daki bakin ƙofa, motar ta yi tsalle, ta dira. Dirar nan tana iya ɗora wa ƙofa fiye da nauyin motar nesa ba kusa ba, na ɗan daƙiƙa, kuma ɗan daƙiƙar ya isa ya fasa gam a ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Haka ma birki mai ƙarfi a tsakiyar ƙofa lokacin sauka da ribas. Giyar ƙarfi, tafiyar hawainiya, ba tsayawa ba fizga, shi ne abin da ƙofar take so. Wanda ba ya jin zai iya, ya yi amfani da injin jan kaya mai igiya da aka kafa a cikin gareji, ya ja motar ba kowa a ciki. Ya rage nauyin direba, ya kuma rage jijjiga.

Sai ƙasar da ƙofar ta sauka a kai. A dandalin siminti bakin ƙofa yana kwanciya gaba ɗaya. A Glamis ko a wani sansani cikin daji ba haka ba. Ka tsaya a bayan tirela ka duba: kusurwar dama ta zauna a kan tudu, ta hagu tana lilo, akwai tazarar yatsu uku tsakaninta da ƙasa. Idan ka taka ta da ƙafa za ka ji ta nutsa ta dawo. Tayar hagu tana hawa, ƙofar za ta murɗe kamar ana matse tsumma, kuma murɗewa ita ce abin da irin wannan ƙira ba ta jurewa. Firam ya karkace, hinjin gefe ɗaya ya ɗauki abin da aka raba wa duka. Bayan haka sai a ga ƙofa ba ta rufuwa daidai, robar gefe ta bar kafa, ƙura da ruwa su samu hanya. Guntun katako biyu a ƙarƙashin kusurwar da ke lilo sun isa su hana wannan duka.

Batun baranda gajere ne. Tireloli da yawa suna da wayoyin ƙarfe biyu da ke riƙe ƙofar a miƙe, daidai da daben gareji, a kewaye ta da shinge a zauna a sha iska. A wannan yanayi bakinta ba ya kan ƙasa. Wayoyin nan biyu da ƙusoshin da suka kama su a firam su ne komai. Shi ya sa lambar take faɗowa zuwa rabi. Ba a tura abin hawa a kai, ko da babur ne, ko da na minti ɗaya ne don a share gareji. Kuma kafin a sauke ƙofar zuwa ƙasa don lodi, a tabbata an cire wayoyin gaba ɗaya. Idan aka bar su a ɗame, bakin ƙofa yana shafar ƙasa amma bai zauna ba, su za su ɗauki motar.

Lambar da ke sitika ta sabuwar ƙofa ce, kuma wannan ne abin da masu sayen tirela ta hannu suka fi bukatar ji. Ruwa ne babban abokin gabar ƙofar. Tana tsaye a bayan tirela shekara da shekaru, ruwan sama yana gangarowa, fesin taya yana dukanta a hanya, wanda ya bar ta a matsayin baranda cikin dare kuma ruwa ya kwanta a kanta. Gam ɗin da ke toshe bakin firam ya tsage, ko ramin wani sukuru ya buɗe, ruwa ya shiga cikin filawud, ba shi da hanyar fita. Daga waje ba a ganin komai sai ɗan kumburi a jikin faiba. Hanyar ganewa ita ce a sauke ƙofar a bi ta da ƙafa, taki-taki, musamman gefen hinji, wanda shi ne ƙasa idan an rufe, inda ruwa yake taruwa. Lafiyayyen wuri yana da tauri, idan ka ƙwanƙwasa da bayan sukurdireba yana amsawa da kaifi. Ruɓaɓɓen wuri yana lotsawa a ƙarƙashin diddige kamar katifa, ƙararsa a dushe. Wata alamar ita ce ƙofa ta yi nauyi a hannu fiye da da. Mutane sukan ɗora wa sifirin laifi, alhali ruwa ne ta sha. Ƙofar da ta kai wannan hali ba ta da lamba kuma. Ba wanda zai iya ce maka 2,000 ce ta rage ko 800.

Yanzu a ce ƙofa lafiya lau, mota ta hau ta shiga. Ba a gama ba, domin ƙofa hanya ce kawai. Daben gareji yana da nasa iyaka a littafin tirela. Zoban da ake ɗaure mota da su a dabe kowanne yana da tasa lamba, haka ma bel-bel ɗin ɗauri, waɗanda nauyin aikinsu yawanci kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfin da zai tsinka su. Babbar lambar da ke kan kwali ta tsinkewa ce, ƙaramar ita ce ta aiki. Sama da waɗannan duka akwai nauyin da tirelar kanta aka yarje mata. A jikinta akwai lamba mai haruffa GVWR, wato iyakar nauyinta da duk abin da ke ciki. Tun shekarar 2008 kuma hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta wajabta a liƙa wata sitika mai ruwan ɗorawa da ke faɗin nauyin kayan da za a iya sakawa, har da gargaɗi kan nauyin ruwan tanki.

Ga yadda wannan lamba take narkewa. A ce tirela iyakarta laba 16,500, ita kanta ba kaya 13,000. Saura 3,500. Irin waɗannan tireloli an yi su ne don zaman daji, don haka tankin ruwansu babba ne, galan 100 ba abin mamaki ba ne. Galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne da ɗan ɗoriya. Cikakken tanki ya ci wajen 834. Da yawa suna da tankin fetur na galan 30 don shayar da motar wasa da janareta. Wannan wajen laba 185. Motar da muka yi misali da ita, idan direba ya fita, a ce 2,320. Haɗa su: 3,339. Abin da ya rage wa abinci da tufafi da tukwane da kujeru da kayan gyara na iyali guda bai kai laba 170 ba. Ƙofar ba ta yi ƙorafi ba, amma tayoyin tirela da birkinta su za su biya a kan babbar hanya, da rana tsaka, ana gudun mil 65.

Sannan inda nauyin ya zauna. Gareji yana bayan tayoyin tirela, ko rabinsa yana bayansu. Duk abin da aka ɗora a can yana ɗaga gaba, kamar sikelin mai nama. Idan tsakiyar nauyin mota mai laba 2,300 yana ƙafa 5 a bayan tayoyi, mahaɗin tirela da a-kori-kura kuma yana ƙafa 20 a gabansu, mahaɗin zai rasa laba 575, tayoyin tirela kuma su ɗauki 2,875, wato fiye da nauyin motar kanta. Ƙa'idar da aka sani ita ce tirelar da ake maƙalawa a ƙugiyar baya ta ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta a kan ƙugiyar. Wadda ake ɗora wuyanta a cikin bodin a-kori-kura kuma kashi 15 zuwa 25. Idan ya yi ƙasa da haka sai tirela ta fara kaɗa wutsiya, babbar mota ta wuce ta da iska ko a taka birki a gangare, kaɗawar ta ƙaru har ta fi ƙarfin direba. Masu ƙira sun san da wannan, shi ya sa suke yin gaban tirelar da nauyi idan gareji ba kowa. Amma sun yi lissafinsu ne a kan wani nauyi. Shi ya sa ake shigar da ɓangaren mota mai nauyi can ciki, kusa da tayoyin tirela. Motar da injinta ke baya, idan da hali, da ribas take shiga.

Wannan ɗagawar gaba tana faruwa tun lokacin lodi. Mota tana kan ƙofa, kusan rabin abin da ke kanta yana danna hinji, a can ƙarshen tirela, inda ya fi kowane wuri ƙarfin ɗaga gaba. Ƙaramar tirela da aka cire daga jikin a-kori-kura tana iya ɗaga hanci sama ko ta gangara gaba. Don haka a bar ta a maƙale, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyi gaba da baya, a sauke jak-jak ɗin baya su taɓa ƙasa. Wasu sukan ɗaga gaban tirela kaɗan don bayanta ya sauko, gangaren ya ragu. Dabara ce mai kyau, tana kuma hana cikin ƙaramar mota gogar bakin dabe a wurin da ƙofa ta haɗu da gareji.

Akwai dabaru biyu da ake yawan ba da shawararsu, kuma kowace da iyakarta. Ta farko shimfiɗa filawud mai kaurin inci uku cikin huɗu a hanyar tayoyi. Yana taimakawa ƙwarai wajen baje matsin taya, yana kare fatar ƙofa daga hudawa. Abin da ba ya yi shi ne ƙara wa ƙofar ƙarfin lanƙwasa ko ƙara wa hinji ƙarfi. Shi ma nauyinsa a kanta yake. Ta biyu tokare tsakiyar ƙofa daga ƙasa. Wannan ita ce ta fi taɓa ainihin matsalar, domin raba tazara biyu yana rage lanƙwasa sosai. Amma tokarin dole ya kasance dogon katako da ya ratsa faɗin ƙofar ya kama firam gefe da gefe, da wani abu mai laushi tsakaninsa da faiba. Jak ɗaya mai ƙaramin kai a tsakiyar soso zai huda ƙofar daga ƙasa ne kawai. A kuma tuna cewa bayan tirela yana nutsawa idan nauyi ya hau. Tokarin da aka matse sosai tun farko zai koma shi ne yake ɗaga tirelar ta jikin ƙofa. Ko da an yi duka biyun daidai, lambar da ke sitika ba ta canja ba, kuma idan ƙofa ta karye a ƙarƙashin abin da ya wuce ta, da wuya garanti ya saurari mutum.

Lambobin da ake bukata ba sa cikin takardar talla, a sikeli suke. A manyan tashoshin da direbobin tireloli ke yada zango a Amurka akwai sikelin kamfanin CAT Scale, mai faranti uku a jere, wanda kowa yake iya hawa ya biya kuɗi kaɗan. Ana auna a-kori-kura da tirela tare, kowane rukunin tayoyi a farantinsa, sannan a cire tirela a sake auna a-kori-kura ita kaɗai. Bambancin nauyin da ke kan tayoyin a-kori-kura a awo biyun shi ne abin da mahaɗi yake ɗauka. Ana yin wannan da gareji a cike, tankuna a cike, kamar ranar tafiya. Motar wasan ita ma a auna ta da man ta da kayanta da direbanta, tayoyin gaba daban, na baya daban. Masu gyaran motocin tsere suna da ƙananan sikeli na kowace taya. Ɓangaren da ya fi nauyi a raba shi biyu, a gwada da lambar taya ɗaya. Jimilla a gwada da lambar ƙofa, da ta dabe, da abin da ya rage a sitika mai ruwan ɗorawa. Idan sitikar ƙofa ta goge, lambar shasin tirela mai haruffa da alƙaluma 17 ta isa kamfani ya gano irin ƙofar da aka sa mata. Wanda kuma awonsa ya nuna motarsa ta wuce, akwai tirelolin da aka ƙera musamman don ɗaukar mota, masu dabe da gangare na ƙarfe ko alminiyam mai kauri, wasunsu har da ɗakin kwana a gaba.